Malam Aminu Kano: Aƙidar Talakawa A Zamanin Tsuke Bakin Aljihu

An haifi marigayi Malam Aminu a Unguwar Sudawa cikin birnin Kano a 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Midil ta Bauci, sa'an nan ya ƙaro ilmi a Ingila. A 1950 ya bar koyarwa ya shiga jam'iyyar NEPU, wadda ya shugabanta daga 1953.

Aƙidarsa ita ce talauci ba gadon talaka ba ne, zalunci ne ke haifar da shi, kuma wajibi ne hukuma ta riƙe ragamar arzikin ƙasa domin amfanin jama'a. A kan wannan ya kafa PRP a 1978, ta ci gwamna a Kano da Kaduna a 1979.

Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a 1982, aka taƙaita shigo da kaya. Masaƙun Kakuri, kudu da Kogin Kaduna, suka rasa kayan aiki, aka yi ta sallamar ma'aikata.

Abin takaici, a daidai lokacin da talakawa suka fi bukatar murya ɗaya, PRP ta riga ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, an kuma tsige Gwamna Balarabe Musa a 1981.

Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, bai bar dukiya ba sai gidansa na Gwammaja. Allah ya jiƙansa, amin.