Malam Abdullahin Gwandu: Mawaƙin Da Ya Rubuta Tarihin Waƙoƙinsa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta ratsa Zauro ta nufi Argungu, to ya taka ƙasar da ta sha ƙurar dawakin jihadi. A wannan kwari na gulbin Rima ne Birnin Kebbi ya faɗa hannun jama'ar Shehu a shekarar 1805, kuma a nan ne, a Alwasa, Gobirawa da Kabawa da Abzinawa suka yi wa wannan jama'a mummunar ɓarna kafin shekarar ta ƙare. Mutumin da ya jagoranci cin Birnin Kebbi, ya kuma ga rashin nasarar Alwasa da idonsa, shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa. Yawancinmu mun san shi jarumi, malamin tafsiri, kuma tushen sarautar Gwandu. Abin da ba mu cika kulawa da shi ba shi ne, mawaƙi ne na gasken-gaske, wanda bai tsaya ga tsara baitoci ba, sai da ya zauna ya bayyana wa na baya yadda waƙoƙin suka samu.

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766, wato Shehu Usmanu ya girme shi da kimanin shekara 12. Ya fara karatu a gaban mahaifinsu, sannan yana ɗan shekara 13 aka damƙa shi ga yayansa. A littafinsa Ida'un Nusukhi, inda ya jero malamansa da littattafan da ya karanta, ya nuna cewa a wurin Shehu ya karanci Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan nan shida na zamanin Jahiliyya. Wannan jerin kaɗai ya isa ya nuna wa mai nazari inda harshensa ya ginu: ƙafa ɗaya a madahun Annabi (SAW), ɗaya kuma a tsohon Larabcin makiyayan sahara, mai cike da kalmomin raƙumi da kufai da doguwar tafiya. Ya kuma sha daga Malam Jibrilu ɗan Umar, wanda ya yi wa waƙar yabo daga baya.

Daga cikin ayyukansa na farko akwai tahamisin da ya yi wa waƙar Shehu ta begen Annabi. Wannan ba ƙaramar makaranta ba ce. Mai tahamisi yakan ɗauki baitin wani mai ɗango 2, ya ɗora masa 3 a sama, kuma tilas ya bi karin mai waƙar, ya bi amsa-amonsa, ya shiga cikin ma'anarsa ba tare da an ga ɗinki ba. Wanda ya fara da irin wannan horo ya koyi cewa waƙa awo ce kafin ta zama jin daɗi.

Amma waƙa a hannunsa ba ta tsaya a ɗakin karatu ba. Lokacin da suke yawon wa'azi wajen shekarar 1786, wani malami, Mustafa Gwani, ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukar yadda mata ke halartar majalisinsa tare da maza. Shehu ya umarci ƙanensa ya ba da amsa. Malam Abdullahi ya mayar da martani a kan amsa-amon da mai sukar ya zaɓa, ya kafa hujja da cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi abin da ake gudu muni. Mai karatu ya lura da abu biyu a nan: ladabin muhawara, da kuma gwaninta ta amsa wa mutum da ma'aunin da ya kawo da kansa.

Da jihadi ya kankama, sai salon ya sauya. Waƙarsa ta nasarar Tabkin Kwatto a 1804 waƙar murna ce da kirari, tana ambaton wurare da mutane kamar mai ba da rahoto daga fagen fama. Bayan Alwasa kuwa sai muryar ta koma wata daban. Kafin wannan karo, rundunar ta afka wa wani garin da ke da amana, duk da ƙoƙarin da shi da Muhammadu Bello suka yi na hanawa. Saboda haka baitocin da suka biyo baya marsiyya ce ga abokansa malamai da suka kwanta dama, haɗe da zargi mai zafi ga waɗanda ganima ta rufe wa ido. A wajen 1807 abin ya kai shi ga barin jama'ar da niyyar tafiya Makka. Waƙar da ya yi a wannan hali ta fallasa son mulki da tara dukiya da dawaki da tufafin alfarma, ba a tsakanin abokan gaba ba, a'a, a cikin gidan da ya taimaka aka gina. Kanawa ne suka tsayar da shi, ya karantar da tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan tsarin mulki da shari'a, sannan ya komo gida.

Akwai kuma wani fanni na uku, wato mayar da ilimi waƙa domin sauƙin hadda. Bahrul Muhiɗi, a kan nahawu, ya haura baiti 4,000. Hisnur Rasini kuwa a kan tasarifi yake. Miftahut Tafsiri a kan ilimin Alƙur'ani. Duk wanda ya taɓa koyar da ginin kalma ya san wuyar cusa ƙa'ida, da misalinta, da abin da ya saɓa mata, cikin baiti ɗaya ba tare da kari ya karye ba. A irin wannan aiki ba a neman adon magana, taƙaitawa ake nema. Ke nan mutum ɗaya ya riƙe salon madahu, da na muhawara, da na yaƙi, da na makoki, da na koyarwa, kuma ya san muhallin kowanne. Ya yi waƙa da harsunan gida ma, har ana jingina masa Waƙar Sira ta Hausa.

A shekarar 1813 ya tattara wasu daga cikin waƙoƙinsa na Larabci a littafin Tazyinul Waraƙati. Darajar littafin ita ce, gaban kowace waƙa ya bayyana abin da ya haddasa ta, da inda yake, da halin da jama'a ke ciki. Shi ya sa masana tarihi ba sa iya rubuta labarin jihadi ba tare da shi ba, har Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Ibadan a 1963. Ga mai nazarin adabi kuwa, taska ce da ba kasafai ake samun irinta ba: mawaƙi da kansa yana nuna cewa waƙa ba daga sama take faɗowa ba, wani abu ne ke faruwa, sai ya zaɓa masa kari da salon da suka dace.

Ƙarshen rayuwarsa bai rasa ɗaci ba. Shehu ya ba shi kula da yammacin daula a 1812, amma da Shehu ya rasu a 1817 aka yi wa Bello mubaya'a. Tsamin da ya biyo baya bai gushe ba sai a Kalambaina, inda Bello ya kawo masa ɗauki, shi kuma ya yi masa mubaya'a. Daga nan ya ƙara karkata ga karatu da rubutu har ya rasu a Gwandu a 1829.

Ko shakka babu, mutanen wannan kwari ba su haɗu a kan fahimta ɗaya game da shi ba. Fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi sunansa take ɗauke da shi, alhali Kabawan Argungu, jikokin waɗanda suka tashi tare da Yakubu Nabame a 1849, suna da nasu labarin. Waƙoƙinsa ba za su goge wannan saɓani ba, amma suna nuna mutumin da bai yi wa ɓangarensa rufa-rufa ba.

A nan ne darasin yake gare mu. Rubutacciyar waƙar Hausa ta gaji kari da amsa-amo da tahamisi daga irin makarantar da ya fito, don haka ya kamata ɗalibin Hausa ya san Tazyinul Waraƙati kamar yadda ɗalibin Larabci ya san shi. Sannan a zamanin da waƙa ke neman zama hajar kakar zaɓe, yana da kyau mawaƙanmu su tuna cewa wazirin Shehu, mai iko da rabin daula, ya kaifafa alƙalaminsa a kan nasa mutanen lokacin da ya ga sun kauce. Allah Ya gafarta masa, Ya ba mu masu irin zuciyarsa.