Nils Bohlin, mai ɗamarar mota

An haifi Nils Bohlin a ƙasar Suwed cikin shekara ta 1920. Da farko yana ƙera kujerar da ke cilla matuƙin jirgin sama waje in jirgi zai faɗi. A 1958, ma'aikatar motoci ta Volvo ta ɗauke shi aiki. Lokacin nan, ɗamarar mota ƙugu kaɗai take riƙewa. In an yi haɗari, sai ƙirji ya bugi sitiyari. Bohlin ya ƙago ɗamara mai riƙe ƙugu da ƙirji gaba ɗaya, wadda ake ɗaurawa da hannu guda. An fara sa ta cikin motoci a 1959. Volvo ta bar sauran ma'aikatu su yi irinta kyauta. Bohlin ya rasu a 2002, amma har yau ɗamararshi tana ceton rayuka.