Sardauna Ahmadu Bello: Ɗan Rabah da Ya Koyi Mulki a Karkara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Gabatarwa

Bayan haka, duk inda ɗan Rabah ya shiga a ƙasar nan, ko Kaduna ko Abuja ko Ikko, da zarar ya ambaci sunan garinsu, mai sauraro zai tuna masa cewa ai garin Sardauna ke nan. Mukan ji daɗin haka, mukan kuma ɗaga kai. To amma idan aka tsare yawancin 'ya'yanmu da aka haifa a birni, aka tambaye su abin da ya haɗa Sardauna da Rabah ban da haihuwa, sai ka ji shiru. Hotonsa suka sani a jikin takardar naira 200, da sunansa a kan tituna. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi amfani da mujallarmu ta bana mu waiwayi rayuwar marigayi Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta fuskar da ta fi shafarmu, wato dangantakarsa da ƙauye da manomi. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Ahmadu a garin Rabah a shekarar 1910, shekara bakwai bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato. Mahaifinsa, Malam Ibrahim, shi ne Sarkin Rabah a lokacin. Ibrahim ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah ne, wanda ya yi sarauta daga 1873 zuwa 1877, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tun zamanin Bello aka ɗauki al'adar zaunar da 'ya'yan gidan Shehu a garuruwan da ke kewaye da Sakkwato, domin su tsare ƙasa, su zaunar da makiyaya, su raya noma da sana'a da karatu. Rabah na cikin garuruwan da zuriyar Bello ta zauna ta raya, don haka sarautar gidan tun asali a jingine take da gona da garke.

Garin da ya buɗe ido a cikinsa shi ne dai wanda muka sani, a bakin gulbin Sakkwato, kimanin kilomita 30 gabas da birnin Shehu. Da damina ruwa ya cika fadama, da rani ya janye ya bar wa manomi damshi. A tudu gero da dawa da wake, a fadama shinkafa da kayan lambu, ga masunta a bakin ruwa, ga Fulani da shanunsu suna saukowa bayan an kawar da amfanin gona. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan kimanin shekara shida, saboda haka ya ɗanɗani maraici da wuri. A makarantar allo ta garin ya fara karatu, zaune a ƙasa tare da 'ya'yan manoma, kamar kowane yaro. Ko da ya zo rubuta tarihin rayuwarsa, wanda aka buga a 1962 yana Firimiya, da labarin Rabah da gulbinta ya buɗe littafin.

Karatunsa da Aikin Koyarwa

Daga Rabah aka kai shi Makarantar Lardi ta Sakkwato, a zamanin da iyaye da yawa ke ɓoye 'ya'yansu don gudun boko. A 1926 ya wuce Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, kuma a wancan lokaci ɗaliban Sakkwato a ƙafa suke yin wannan tafiya ta kwanaki. A can ya yi zamani da samarin da daga baya suka riƙe Arewa tare da shi, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim da Aliyu Makaman Bida da Abubakar Imam. Ya kammala a 1931, ya dawo Sakkwato ya kama koyarwa a Makarantar Midil, inda ya shekara uku.

Mu da muka ƙare ƙuruciyarmu da alli a hannu mun san abin da aji ke koya wa mutum. Yana koya masa kiyaye lokaci, da bin diddigin aikin da ya bayar, da haƙurin maimaita magana har mai sauraro ya gane. Waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin Sardauna daga baya sun shaide shi da waɗannan halaye, musamman tsananin kiyaye lokaci da ƙin lalaci.

Sarautar Rabah

A 1934, bayan rasuwar ɗan'uwansa da ke riƙe da gundumar, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah. Shekarunsa 24 kacal. Yana cikin hakiman farko a ƙasar Sakkwato da suka haɗa karatun boko mai zurfi da sarautar gargajiya.

Ya kamata matasanmu su fahimci nauyin da ke kan hakimi a wancan zamani. Hakimi ne ke ƙidayar mutane da dabbobi, shi ke tara haraji daga magidanta da jangali daga makiyaya ta hannun dagatai da masu unguwanni, ya kai baitulmalin En'e. Shi ke sasanta rikicin iyakar gona da na burtali, shi ke kula da gyaran hanya da kasuwa, shi ke kai rahoton annoba ko fari. Babu yadda za a yi wannan aiki daga zaure. Dole ne a hau doki a yi rangadi ƙauye ƙauye, a kwana inda dare ya yi. Bugu da ƙari, shekarun nan na 1930 shekaru ne masu tsanani. Karyewar tattalin arzikin duniya ta kayar da farashin gyaɗa da auduga da fata, fara ta sha yi wa gonakin Arewa ɓarna, haraji kuwa da kuɗi ake biyansa ko an samu ko ba a samu ba.

A cikin wannan hali ya shekara huɗu yana zagaya ƙasarmu. A nan ya ga yadda rumbu ke ƙarewa kafin sabon gero ya nuna, da yadda magidanci ke sayar da akuya don ya fanshi kansa, da yadda ake cutar wanda bai iya karanta rasiɗin harajinsa ba. A ra'ayinmu, wannan ita ce makarantar da ta fi Katsina tasiri a kansa, domin kusan duk abin da ya sa a gaba bayan ya sami iko, ana iya gano tushensa a waɗannan shekaru huɗu.

Gusau da Jarrabawar Jangali

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu. Ahmadu na cikin masu neman gadon, amma Allah ya ba ɗan'uwansa, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Sabon Sarki ya ba shi sarautar da shi kansa ya bari, wato Sardauna, aka kuma tura shi Gusau ya kula da gundumomi 14 na gabashin ƙasar Sakkwato. Gusau a lokacin cibiyar cinikin auduga da gyaɗa ce, saboda jirgin ƙasa ya riga ya iso ta. Can ya ga ɗaya ɓangaren rayuwar manomi, wato abin da ke faruwa da amfanin gonarsa daga ma'auni zuwa tashar jirgi. Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya same shi a can, lokacin da ake ɗibar soja da hatsi da leburorin haƙar kuza daga ƙauyuka.

A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Abin lura a nan shi ne yadda ya ɗauki al'amarin bayan ya wuce. Ya koma Sakkwato a 1944 ya ci gaba da aiki a majalisar Sarkin Musulmi, zumunci bai yanke ba. Mahaƙurci mawadaci.

Daga Majalisa zuwa Firimiya

A 1948 ya tafi Ingila ya karanci tsarin mulkin ƙananan hukumomi. A 1949, bayan rasuwar Wazirin Sakkwato Abbas, ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya aka haɗa masa ƙananan hukumomi da raya karkara. A 1954 ya zama shugaban jam'iyyar NPC, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma Firimiyan Jihar Arewa na farko. Lokacin da dama ta samu ta shugabancin gwamnatin tarayya a Ikko, ya zaɓi zama a Kaduna, mataimakinsa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista a 1957. Arewa ta sami mulkin kai ranar 15 ga Maris, 1959, ranar da ta yi daidai da ranar da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903.

Idan muka dubi ayyukan gwamnatinsa da idon manomi, za mu ga zaren da ya haɗa su. Shirin Yaƙi da Jahilci ya kai ajin manya har ƙauyuka, domin magidanci ya iya karanta rasiɗi, ya rubuta wasiƙa da hannunsa. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta sa audugar da aka noma a Gusau da Funtuwa ta zama tufa a gida. Bankin Arewa da kamfanin raya Arewa sun samar da jari. Jami'ar da aka buɗe a Zariya a watan Oktoba na 1962, wadda ke ɗauke da sunansa, an gina ta ne a Samaru, aka kuma haɗa mata tsohuwar cibiyar binciken aikin gona da ke wurin, wadda ta daɗe tana fitar da ingantaccen irin auduga da gyaɗa da dawa. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna, shi ma na 1962, ya kai labari da wa'azi da shawarar malaman gona ga wanda ke bakin rumbunsa. Haka kuma manufarsa ta fifita 'yan Arewa a aikin gwamnati ta sa aka bi makarantu ana zaƙulo 'ya'yan talakawa ana tura su horon mulki da na soja da na likita. Shi kansa bai bar noma ba, domin yana da gonarsa a Bakura.

Ba za mu ce ma'asumi ne ba, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. 'Yan adawa, musamman jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano, sun soki gwamnatinsa da kare tsarin En'e, wanda a ƙarƙashinsa aka ɗaure 'yan hamayya, talaka kuma ya sha wuyar haraji. Wannan ma tarihi ne, kuma bai kamata a ɓoye wa yara ba. Sai dai ko masu sukarsa ba su shaide shi da tara dukiya ba, alhali kuɗin gyaɗa da auduga na Arewa duka a ƙarƙashin gwamnatinsa suke.

Rasuwarsa

Da asubahin Asabar, 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka auka wa gidansa a Kaduna, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Yana da shekara 55, ya yi shekara 11 da 'yan watanni yana Firimiya. Harabar gidan ce tun 1970 ta zama Gidan Arewa, cibiyar adana tarihi da bincike.

Abin da Ya Rage Gare Mu

'Yan'uwa, ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Rabah na da mutum dubu 149 da ɗoriya, mafi yawansu manoma da makiyaya a Gandi da Rara da Tofa da Kurya da 'Yartsakuwa da sauran ƙauyuka. Su ne jikokin mutanen da Sarkin Rabah Ahmadu ya bi a kan doki yana ƙidayawa. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka kai hari Tabanni, suka kashe mutane da dama, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi suna gudun hijira a ƙasar haihuwarsu. Da yawanmu a rediyo muka ji labarin, muka yi addu'a, muka koma harkokinmu.

Mu da muka shugabanci makarantun ƙauye mun ga ajin da malami ɗaya ke fama da yara fiye da ƙima, mun ga yadda aji ke watsewa da faɗuwar ruwan farko, mun ga yaro mai ƙwaƙwalwa ya bar karatu saboda kuɗin da bai kai na man motar wasunmu na mako guda ba. Wani daga cikin irin waɗannan yara, da ya sami mai riƙe hannunsa, da Allah kaɗai ya san inda zai kai. Shi ma Sardauna maraya ne da aka riƙe hannunsa.

Saboda haka muna kira ga kowane ɗan wannan ƙungiya da ya yi wa kansa rangadi. Ya je ƙauyensu ko da sau biyu ne a shekara, ba sai an yi rasuwa ko an buga gangar siyasa ba. Ya shiga makarantar da ta yaye shi ya ga halin da take ciki da idonsa. Ya ɗauki nauyin karatun yaro ko yarinya guda. Masu hali su haɗa hannu a kan taki da iri da injin ban-ruwa ga manoman fadama, waɗanda ke da murya a gwamnati kuma su yi amfani da ita a kan tsaron ƙauyukanmu. Mu riƙa kai 'ya'yanmu gida lokacin hutu, su san gulbi, su san gero daga dawa, su san kakanninsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan Sardauna Ahmadu Bello da rahama, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin mahaifarmu. Amin.