Edgar Adrian, Masanin Jijiyoyin Taɓi (1889–1977)

An haifi Edgar Douglas Adrian a birnin Landan cikin shekarar 1889. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij a hannun Keith Lucas, wanda ya sa shi bisa hanyar binciken jijiyoyi. Daga nan ya koyi aikin likita, ya kuma yi jiyyar sojojin da Yaƙin Duniya na Farko ya taɓa wa hankali. Ana cikin haka malamin nasa ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1916. Da Adrian ya koma Kambirij a 1919, sai ya gaji ɗakin bincikensa.

Matsalar da ta tsaya masa ita ce, lantarkin da ke bin jijiya ba shi da ƙarfin da na'urorin zamanin za su kama shi. Ga shi kuma kowace jijiya dami ce ta zaruruwa masu yawa, duk suna aika saƙo lokaci guda. Sai ya haɗa na'urar ƙara ƙarfin lantarki irin ta akwatin rediyo. A 1925, shi da Yngve Zotterman, mutumin Suwidin, suka yi ta yanke tsokar kwaɗo sili-sili har ya rage zare ɗaya tak mai kai saƙo.

Abin da suka gano shi ne, bugun da zaren yake aikawa girmansa ɗaya ne kullum. Idan jan tsokar ya tsananta, sauri kawai yake ƙarawa, tamkar makaɗin da aka hana ƙara ƙarfin bugu. Da suka gwada tafin ƙafar kyanwa, sai suka ga jijiyoyin taɓi kan yi magana da zarar an taɓa fata, sa'an nan su yi tsit ko da abin na nan. Wannan ne dalilin da ya sa mutum ba ya jin rigar da ke jikinsa. A 1932 aka ba shi lambar Nobel tare da Charles Sherrington.

Mafi daɗin ji cikin ayyukansa ya zo ne bayan 1940, sa'ad da ya auna filin da ƙwaƙwalwar dabbobi ta ware wa taɓi. A alade, hanci ne ya kwashe kusan dukkan filin, a tunkiya da akuya kuwa leɓɓa. Wato gaɓar da dabba take neman abinci da ita, ita ke da rabo mafi tsoka.

Ya shugabanci Kwalejin Trinity daga 1951 zuwa 1965, ya rasu a Kambirij cikin watan Agusta, 1977.