Tarsisiyus na Roma: Ɗan Aiken da Ya Riƙe Amanar Jibin Ubangiji

A karkarar arewacin Kano, wajen Bichi, Ɗambatta da Tsanyawa, gidajen masu bi a warwatse suke cikin gonaki, kuma sau da yawa mai hidima ɗaya ke kula da majami'u da dama. Tsohuwar da ciwon ƙafa ya kwantar takan yi watanni ba ta ci Jibin Ubangiji ba. Wa zai kai mata? Ikkilisiya ta daɗe da wannan tambaya, kuma rayuwar Tarsisiyus tana cikin amsoshinta.

Tarsisiyus ya rayu a birnin Roma a ƙarni na uku. Tun kafin zamaninsa, wajen shekara ta 155, Jastin Shahidi ya rubuta cewa bayan sujadar Lahadi dikinoni sukan kai gurasa da ruwan inabi ga waɗanda ba su samu zuwa ba. Amma a shekara ta 257 Sarki Baleriyan ya hana Kirista yin taro da shiga maƙabartunsu. A 258 ya ba da umarnin kashe bishop-bishop, firistoci da dikinoni. A watan Agusta na shekarar aka kashe Bishop Sistus na Biyu na Roma tare da dikinoninsa. Al'adar ikkilisiya ta sanya mutuwar Tarsisiyus cikin wannan tsanani, lokacin da shugabanni suka ƙaranta, masu bukata kuwa suka yawaita.

Shaida mafi daɗewa a kansa ta fito daga Damasus, bishop na Roma daga 366 zuwa 384, wanda ya sa aka yi rubutu a kabarinsa. Wata rana Tarsisiyus yana tafe da Jibin Ubangiji, sai wasu marasa bi suka tare shi, suka matsa masa ya buɗe abin da ya ɗauko don su wulaƙanta shi. Ya ƙi. Suka yi ta dukansa har ya mutu, bai kuwa miƙa musu ba. Damasus ya kwatanta shi da Istifanas, wanda aka jejjefe cikin Ayyukan Manzanni sura 7. An binne shi a maƙabartar Kalistus, a kan hanyar Afiya.

Wani labari na ƙarni na shida ya ce shi mai taimakon firist ne a bagade. A 1854 Kadinal Wiseman na Ingila ya nuna shi ƙaramin yaro cikin littafinsa Fabiola, hoton da ya fi bazuwa ke nan. Ana tunawa da shi ranar 15 ga Agusta.

A 1973 Paparoma Bulus na Shida ya ba bishop-bishop izinin naɗa amintattun maza da mata daga cikin jama'a su taimaka wajen raba Jibin da kai wa marasa lafiya inda firistoci ba su isa ba. Ba su ne ke tsarkake gurasar ba, isar da ita ne aikinsu. Kowace ɗarika da tsarinta, amma darasin ɗaya ne.

Ba wa'azi ko muƙami ya sa ake tuna Tarsisiyus ba. An aike shi ne, ya riƙe abin da aka damƙa masa. Dattijo, katikis, uwar zumunta, idan ikkilisiya ta aike ku wurin majinyaci, ku nufi gidan kai tsaye, ban da ratsewa kasuwa ko majalisa. Ku zauna, ku karanta Maganar Allah, ku yi addu'a, ku kuma rufa asirin gidan. Ku karanta 1 Korintiyawa 4:2 ku ga abin da ake nema ga wakili. Ubangiji ya same mu da aminci. Amin.