Malam Aminu Kano: Yaron Da Ya Nemi Hanyarsa

Kowace shekara samarinmu da 'yan matanmu sukan gama makaranta, su tsaya a mararraba suna tunanin inda za su nufa. Saboda su muka kawo labarin wani yaron Kano wanda ya taɓa tsayawa a wannan mararraba.

An haifi Aminu a birnin Kano a shekarar 1920. Ubansa Malam Yusufu masanin shari'a ne, yana aiki a kotun alƙali. A gida yaron ya fara karatun allo, daga nan aka sa shi makarantar Shahuci, ya wuce Midil ta Kano. A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa ta Katsina, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938.

Tun yana ɗan makaranta halinsa ya fara bayyana. Shi mai son muhawara ne, ba ya kuwa iya yin shiru in ya ga an cuci wani. A kwaleji yakan rubuta wasannin kwaikwayo, ya tara abokansa su yi a gaban jama'a, domin a yi dariya a kuma ɗauki darasi. Koyarwa ke nan yake yi, ko da yake bai san sunanta ke nan ba.

Sa'ad da karatunsa ya kusa ƙarewa, sai zuciyarsa ta rabu. Ya yi tunanin aikin shari'a, amma bai so ya zauna a shimfiɗar alƙali irin ta gidansu ba. Ya so aikin likita, amma a zamanin nan babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya, gama ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta. Ɗan Arewa mai son likitanci sai ya bi ta Ikko, ya nemi shiga kwalejin Yaba, wannan hanya kuwa ba ta buɗe masa ba. Daga baya wani malaminsa na kimiyya ya ba shi shawara ya zama malamin makaranta. Aminu ya auna maganar da abin da ya sani game da kansa, ya yarda.

A 1942 ya fara koyarwa a Bauci. Can ya yi zama da Malam Sa'adu Zungur da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suna tattauna halin da ƙasa take ciki. A 1946 aka aike shi Ingila, ya yi shekara guda yana koyon aikin malanta a Jami'ar London. Da ya komo ya yi ƙoƙari har aka kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa a 1948. Bayan wannan aka kai shi kwalejin horar da malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aikin gwamnati ya shiga siyasa, ya zama shugaban jam'iyyar NEPU, daga baya kuma PRP.

Amma bai bar malanta ba, ajin ne kaɗai ya sāke. Kasuwa da dandali suka zama ajinsa, talakawa suka zama almajiransa. Ya yi ta koya musu su san haƙƙinsu, su kuma sa 'ya'yansu mata a makaranta. Har ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, Malam ake ce da shi.

Ga kuma abin lura. Yaron da bai sami zama likita ba, shi ne ya zama kwamishinan lafiya na tarayya a zamanin Janar Gowon. Babban asibitin koyarwa na Kano, inda ake horar da likitoci, sunansa aka sa masa.

To, ku samari da 'yan mata, ko a Hotoro kuke ko a ƙauye, kada ku zaɓi karatu don sunansa yana da daɗin faɗi, ko don abokinku ya zaɓe shi. Ku duba abin da kuke yi da murna ba tare da an sa ku ba. Ku nemi shawarar malamin da ya san ku. In an rufe muku ƙofa ɗaya, kada ku fid da zuciya. Mu iyaye kuma mu tuna, ba dole ne ɗa ya gāji shimfiɗar ubansa kafin ya amfani jama'a ba.