Pierre Fauchard, Uban Likitocin Haƙori

A zamanin da a ƙasar Faransa, wanda haƙori ya dama sai ya tafi wurin wanzami a fizge masa shi. Ana nan sai ga Pierre Fauchard.

Tun yana saurayi ya kama aiki a jiragen ruwan yaƙi. Can ya ga yadda dasashin mutanen jirgi ke kumbura, haƙoransu suna zubewa. Abin ya tsaya masa a rai.

Mutanen zamaninsa sun ɗauka tsutsa ce ke cin haƙori. Shi kuwa ya ce sukari ke jawo ɓarnar. Ya riƙa cike kogon haƙori da darma ko zinariya. Bai ɓoye saninsa ba, a 1728 ya buga shi cikin littafi. Ya rasu a 1761.

To, yara, in kun sha alewa, ku goge haƙoranku.